Kafin ku tura yaro Karibiyan karatun likita

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa iyaye mazauna Amurka, musamman mu na Bronx da Harlem, kan yaranmu masu son karatun likita.

Abun da ke faruwa shi ne yaro ya gama digirin farko ya yi jarabawar MCAT ta shiga makarantar likita, makin bai kai na makarantun MD (digirin likita da aka saba da shi) ba amma wata makarantar DO (ɗaya digirin likitan na Amurka, na ostiyofati) ta ɗauke shi, sai uba ya ce a'a shi bai san wani DO ba, wai ɗori da tausa ake koyarwa, gara a tura shi Karibiyan ya dawo da MD ɗin da kowa ya sani. To wallahi wannan lissafin akwai gyara. A Ingila ne ostiyofat yake mai tausa da gyaran gaɓoɓi, a Amurka kuwa DO cikakken likita ne a duk jihohi 50, yana rubuta magani yana tiyata, shekara huɗu yake yi kamar ɗan MD sai dai ana ƙara masa wajen awa 200 na koyon jinya da hannu. Tun 1892 Andrew Taylor Still ya buɗe makarantar farko a Kirksville jihar Missouri, yanzu kusan ɗalibi ɗaya cikin huɗu masu karatun likita a ƙasar nan DO yake yi. Ga makarantar DO ta Touro nan ma a kan titi na 125 a Harlem, kullum muna wuce ta a jirgi ko a tasi ba mu san me ake yi a ciki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne residensi, wato horon asibiti bayan an gama makaranta, wanda in ba ka samu ba to kwalinka ado ne kawai, ba lasisi ba aiki ga bashin karatu na dubban ɗaruruwan daloli yana jiranka da ruwansa. Tun 2020 aka haɗe tsarin residensin MD da DO ya zama ɗaya, kuma a 'yan shekarun nan sama da kashi 90 cikin 100 na masu gama DO suna samun gurbi, su kuwa 'yan Amurka da suka yi karatu a waje, kamar Karibiyan, kusan biyu cikin uku ne ke samu, kuma fa wannan lissafin waɗanda suka kai ƙarshe ne, ba a sa waɗanda aka sallama a shekarar farko ko ta biyu ba. Makarantu irin St. George's a Girenada da Ross a Barbados sun yaye likitoci da yawa, ban musa ba, amma ƙofar shiga a buɗe take, ta fita ce ƙarama.

Wasu kuma cewa suke a mai da yaro gida ya yi MBBS a Zariya ko Kano tunda ya fi arha. Hakan ba laifi in a gida zai zauna ya yi aiki, amma in zai dawo nan sai ya bi ta ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, da USMLE, jarabawar lasisin likita ta Amurka, a matsayin wanda ya yi karatu a waje, ko da fasfon Amurka ne a aljihunsa.

DO ma da tasa wahalar, jarabawarsu ta lasisi COMLEX ce amma da yawa sai sun ƙara da USMLE, ka ga kuɗi biyu karatu biyu, sannan fannonin da ake rububinsu kamar fata da tiyatar ƙwaƙwalwa har yanzu 'yan MD sun fi samu. Kuma wanda ke da niyyar komawa Najeriya da kwalin DO ya rubuta wa MDCN, hukumar likitocin Najeriya, ya ji ta bakinsu a rubuce tun kafin ya biya kuɗin zangon farko, na Nijar da Gana su ma su tambayi hukumar likitocin ƙasarsu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Bronx, New York