Ba Springfield ce a kafaɗar yawancinsu ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wanda ya rubuta muku shafin tarihi na ranar Asabar ya yi kwaɓa, kuma abin ya ɓata min rai. Wai da Springfield M1903 sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, har da kiranta bindigar kowane soja. Ina! Wadda akasarinsu suka rataya a Faransa ita ce M1917, wadda ake ce wa Enfil ta Amurka. Lokacin da aka tsagaita wuta a Nuwamban 1918, wajen kashi uku cikin huɗu na sojojinsu da ke can ita ce a hannunsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da Amurka ta shiga yaƙin a Afrilun 1917, maƙera biyu na gwamnati ne kaɗai ke yin M1903, ta Springfield da ta Rock Island, kuma ba za su iya wadatar da dubban da ake ta ɗauka soja ba. Su kuwa masana'antun Winchester da Remington da Eddystone sun riga sun kafa injina suna ƙera wa Ingila bindigar Pattern 1914 mai cin harsashin .303. Sai aka gyara ta ta koma cin .30-06, harsashin sojan Amurka, ta zama M1917, aka ƙera fiye da miliyan 2.

Abin takaicin ma, hoton da kuka manna kuka rubuta Springfield a ƙasansa, M1917 ce ƙiri-ƙiri. Ku sake dubawa. Abin saitinta na baya ƙaramar kafa ce da ke kusa da idon mai harbi, da kunnuwan ƙarfe biyu suna kare ta, alhali na M1903 yana can gaba a kan bututu. Hannun sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a tura don ɗura harsashi, a karye yake ya lanƙwaso baya. Bututunta inci 26, na M1903 inci 24. Cikinta na ɗaukar harsashi 6, don .30-06 ba shi da leɓe a gindi irin na .303, ko da yake biyar-biyar ake ba soja a jere, na shidan sai ya cusa da yatsa. Kuma ita sai an tura sakata gaba take ɗanuwa, ita kuwa M1903 tun wurin ɗaga hannun sakatar ta ɗanu.

Sannan marubucin ya ce M1903 ba ta da aibu. Ta fi sauƙin nauyi, ba musu, amma ina ya baro batun masu ƙananan lambobin ƙira? Waɗanda Springfield ta ƙera ƙasa da lamba 800,000, da na Rock Island ƙasa da 285,507, da ido maƙera ke kintata zafin ƙarfen gidan sakatar, ba da ma'auni ba. Hasken rana kan ruɗi ido, a ƙona ƙarfen ya yi gautsi. Irin wannan, in kwanson harsashi ya tsage ko aka sa wanda ba nata ba, gidan tarwatsewa yake yi a fuskar mai harbi, wasu har sun rasa ido. Sai da aka kawo na'urar auna zafi, aka koma gasa ƙarfen sau biyu a 1918, sannan matsalar ta kau. Har gobe masana na hana harba masu waɗannan lambobi.

A gyara a fitowa ta gaba, da hoton da rubutun duka.

Af, kuma don Allah ku daina cinye rabin shafin nan da tallar filaye kuna matse rubutun. Dattawan da suka fi kowa bibiyar tarihi ko da tabarau ba sa iya karanta shi.

Naku,
mai karatu daga Zariya