Don Allah a koya mana yadda ake sharhin fim

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni mai bibiyar shafinku na fina-finai ne duk sati, amma gaskiya akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Sai mutum ya karanta sharhi tun daga sama har ƙasa bai ga komai ba sai jaruma wance ta yi kyau, leshin ya zauna mata, waƙar ta yi daɗi, hoto ya fita tas, shi kenan wai an yi sharhi. To labarin fa?

Kwanakin baya na tarar da ƙanwata a tsakar gida ta kafa wa waya ido tana kallon wani fim mai dogon zango, ta wuce kashi na 30, data kuwa ta ƙona ba adadi, har da share hawaye da gefen mayafi. Na ce mata wai yarinyar nan da kike ta tausaya wa me take nema ne a labarin? Ta yi shiru, can ta ce ita dai zaluntarta ake yi. Na ce to uwar mijin me ya sa ta tsane ta? Ta ce “Yaya haka kawai, muguwa ce.” Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa nuna mata ana yin irin wannan tambayar.

Kuma fa mun san abin nan tun muna yara a gaban kaka. Gizo yunwa ce ko kwaɗayi ke fito da shi daga gida, sai ya yi karo da wanda ya fi ƙarfinsa, Kura ko Zaki, sai ya ƙulla dabara, ƙarshe halinsa ne dai zai ja masa. Ko yaro ya san abin da Gizo ke so da abin da ya tare masa hanya. Uwar mijin nan ma in da za a nuna mana tsoro take kar a raba ta da ɗanta tilo da ke ciyar da ita, da rikicin ya yi ma'ana, da mun ji haushinta kuma mun gane ta.

Tun 1990 ake fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, Mujallar Fim tun 1999 take fitowa, an yi nisa. Hukumar tace fina-finai ta Kano tarbiyya take dubawa, ba ita za ta ce wa darakta labarinsa bai ƙullu ba, wannan aikin masu sharhi ne.

Roƙona Malam, ku ware fili ko sau ɗaya a wata, a ɗauki fim guda a bi shi fitowa bayan fitowa, a nuna mana me jarumi ke so, wa ya hana shi, a ina aka ƙulla kuma a ina aka warware, ya canza ko yadda ya shigo haka ya fita. Ni zan fara kai wa ƙanwata ta karanta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga Gusau