Ciniki ya koma kan waya, amma an bar ɗan kasuwar karkara a baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan yadda wayar hannu da na'urar POS suka sauya harkar saye da sayarwa a arewacin Nijeriya, da kuma wani ɓangare na wannan sauyi da nake ganin hukumomi ba su ba shi kulawar da ta dace ba.

Kafin kamfanonin MTN da Econet su fara aiki a 2001, wayar tarho sai a ofis da gidajen masu hali, kuma duk mai son sanin farashin masara a Dawanau ko na shanu a Potiskum sai ya tashi takanas ya je, ko ya jira direban da ya dawo daga can. Falken da ya kai shanu kudu yakan dawo da kuɗinsa ɗaure a jiki ko cushe a buhu, alhali 'yan fashi sun san ranar kowace kasuwa da hanyar da ake bi a koma gida. Yau dillali na tsaye a kara zai ɗauki hoton bijimi, ya aika wa mai saye a Legas, a yi ciniki, kuɗi su shigo tun kafin a yi lodi. Hatta matan aure da ke sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da atamfa da kayan ƙwalama, sun samu kasuwa ta WhatsApp ba tare da sun ɗora wa yarinya talla ba, kuma a ganina wannan kaɗai abin a yaba ne.

Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas tun 2012, aka kuma ɓullo da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, amma gaskiyar magana ita ce yawancin mutanenmu ba wayar da kai ce ta shigar da su wannan tsari ba, wahala ce. Bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka tsayar da 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, sai kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da tsofaffin. A waɗannan makonni ne mai shayi da mahauci da mai kayan miya suka buɗe asusu dole, kuma da yawansu ba su rufe ba bayan ƙura ta lafa. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay sun kai inda bankuna ba su taɓa buɗe reshe ba, kuma rumfar mai POS ta zama sana'ar matasa masu yawa waɗanda a da suke zaune babu aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne, duk wannan gini yana tsaye ne a kan sabis ɗin waya. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, sannan aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane sun riƙa tafiya mai nisa domin kawai su kira 'yan uwa ko su karɓi kuɗin da aka aiko musu. Ko babu irin wannan umarni, a kasuwannin ƙauye da yawa sabis kan tsaya cik a ranar kasuwa, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Mai saye ya ce an cire masa kuɗi, mai kaya ya ce bai ga alat ba, kowanensu kuma yana da gaskiya, sai amanar da aka daɗe ana ginawa ta lalace a kan laifin da ba na ɗayansu ba. Tun 2020 Babban Banki ya ba da umarnin a warware rikicin cinikin POS da bai tafi ba cikin sa'o'i 72, amma manomin da sai ya biya kuɗin mota zuwa birni kafin ya ga ma'aikacin banki ido da ido, ina amfanin wannan doka gare shi?

Akwai kuma batun harshe, wanda na fi damuwa da shi. Saƙon da banki ke aikowa da umarnin da ke kan allon waya galibi da Turanci suke zuwa, alhali mai amfani da su wataƙila ajami kaɗai yake karantawa. Wannan ne ke sa dattijo ya miƙa katinsa ga mai POS tare da faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a, shi ne kuma ke ba macuta damar nuna alat na bogi su tafi da buhun wake, ko su kira mutum da sunan ma'aikatan banki su karɓi lambobinsa.

Saboda haka ina kira ga Babban Banki da ya wajabta wa bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya su samar da saƙonni da umarni cikin Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, har da na murya domin waɗanda ba su yi boko ba. Hukumar sadarwa ta NCC kuma ta matsa wa kamfanonin waya su ƙarfafa sabis a manyan kasuwannin mako irin su Maigatari da Illela da Wudil. Shugabannin kasuwa su ma su nemi a ajiye musu wakilin da zai riƙa karɓar koke a nan cikin kasuwa ranar da take ci, domin wanda kuɗinsa suka maƙale ya samu wurin zuwa kafin la'asar.

Na gode.

Naku,
Mai karatu daga Kano