Wasiƙa zuwa ga aminina a Legas

Unguwar Rimi, Kaduna.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Na ga hoton da ka turo kana cikin ƙaramin kwale-kwalen nan na mutum ɗaya a Tarkwa Bay, filafili a hannu. Wallahi na yi murna, sai dai ban ga rigar ceto a jikinka ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Na san za ka ce ai a Kogin Kaduna muka koyi iyo, can bayan Ƙofar Gamji. To kogi hanya ɗaya ya sani. Shi teku sau biyu yake cikowa ya janye a kwana guda, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Inda ruwa ya tsaya maka a gwiwa da hantsi, da la'asar sai ka tarar ya kai ƙirji. Wata ne ke jan sa, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu. Mu da muka saba lissafin wata saboda azumi, wannan ba zai ba ka wuya ba. Kafin ka shiga, tambayi masu jirgin fito ko ruwa tahowa yake ko komawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wurin da za ka ga ya kwanta lumus tsakanin igiyoyin ruwa. Ta nan ruwa ke komawa cikin teku da gudu. Ya taɓa ja na lokacin da nake bautar ƙasa a can, na yi ta kokawa da shi har hannuwana suka mutu, sai da wani masunci ya yi mini ihu in yi iyo a gicciye, in bi tsawon gaɓa. Da haka Allah ya fitar da ni.

Ka tsaya cikin lungun da katangar duwatsu ta kare tukuna, nesa da hanyar manyan jirage, kuma kada ka shiga kai kaɗai.

Nan hunturu ya kama, kogi ya ja baya har duwatsu sun fito. Mama na gaishe ka. Don Allah hoto na gaba in ga rigar a jikinka.

Naka har kullum,
Amininka