Masara kaɗai ba ta gyara busasshen kara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu turkar shanu, kan wani kuskure da na tafka, wanda nake ganin mutane da yawa na yin sa.

Idan ɗanyar ciyawa ta ƙare, ba abin da ya rage sai kara da bambaro, sa ya fara ramewa, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya zuba masa hatsi. Haka na yi wa bijimaina guda 4, ina auna musu masara da yawa safe da yamma. Kafin mako biyu suka rage cin karan, kashinsu ya tsinke yana tsami, ɗaya ma ya daina tuƙa ya kwanta. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don da hannuna na jawo masa.

Likitan dabbobin da ya duba shi ne ya buɗe mini ido. Ashe ba sa ne ke narkar da kara ba, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne a cikin tumbinsa, kuma furotin, wato sinadarin gina jiki, suke buƙata kafin su yi aiki. Busasshen kara yawanci furotin ɗinsa bai kai kashi 7 cikin 100 ba, shi ya sa yake daɗewa a tumbi, sa ya kasa cin wani. Ita kuwa masara furotin ɗinta wajen kashi 9 ne, yawancinta sitaci. Sitaci na saurin tsami, in tumbi ya yi tsami kuma, ƙwayoyin da ke narkar da kara su ne farkon raunana. Ka sayi hatsi don ya zama ƙari, sai ya koma yana korar karan.

Yanzu da tunkuzar angurya ko ta waken soya nake farawa, tunda suna da furotin sosai, kuma na ga yadda suke komawa kan karan da marmari. Dusar alkama ma tana da sauƙi a tumbi, tunda sitacinta bai kai na masara ba. Ban daina ba da masara ba, amma sa mai nauyin kilo 300 ba na wuce masa kilo 1 zuwa 1.5 a rana, kuma a hankali nake kai shi can, cikin mako biyu zuwa uku. Kullum ake bayarwa, kada a tsallake yau a ninka gobe.

Ya Edita, ina roƙon ku gayyato likitocin dabbobi su yi mana bayani kan takin yuriya. Ina jin wasu na haɗa ta a abincin shanu da ka, ba awo, alhali in ta yi yawa tana kashe sa cikin ɗan lokaci.

Naka,
Wani mai turkar shanu