Motsa Jikin "Tibet" Da Alƙawarin Dawo Da Ƙuruciya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyin dattawa da 'yan fansho a nan Kaduna, waɗanda ke koyar da salon motsa jiki guda biyar da ake cewa limaman addinin Buddha na ƙasar Tibet ne suka gada kaka da kakanni. Masu yaɗa su na alƙawarin cewa duk wanda ya lizimce su tsufa zai ja da baya, furfura ta ragu, ƙarfin samartaka ya dawo. Na ga mutanen da nake girmamawa sun rungumi abin hannu bibbiyu, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ya kamata a san inda labarin ya samo asali. A shekarar 1939 ne wani marubuci mai suna Peter Kelder ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a Amurka, The Eye of Revelation, inda ya ba da labarin wani tsohon kanar na sojan Birtaniya da ya kira Bradford, wanda wai ya je wani gidan ibada a tsaunukan Himalaya yana dogara sanda, ya dawo kamar an rage masa shekaru masu yawa. Har yau ba a samu shaidar da ta tabbatar da kanar ɗin ko gidan ibadar ba. An sake buga littafin a 1985 da sabon suna, daga nan ne ya bazu a duniya. Gaskiya ne mutanen Tibet suna da nasu tsohon atisaye mai haɗa numfashi da motsi, wanda suke kira trul khor, har an zana hotunansa a bangon ɗakin ibada na Lukhang da ke birnin Lhasa, amma wannan tsari na biyar da ke hannunmu ta hanyar Kelder ya iso.

Su kansu motsin ba su da wuyar bayani. Na farko, mutum ya miƙa hannuwa ya yi ta juyawa ta ɓangaren dama. Na biyu, ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafafu da kai. Na uku, ya durƙusa a kan gwiwoyi ya lanƙwasa baya. Na huɗu, ya zauna ya ɗaga ƙugu har jikinsa ya miƙe a kan hannuwa da ƙafafu, na biyar kuwa ya kife a kan tafuka da yatsun ƙafa yana ɗaga ƙugu sama yana saukewa. Ana farawa da sau uku-uku, a riƙa ƙarawa kowane mako har a kai 21. Ba na musun cewa huɗu na ƙarshe suna ƙarfafa ciki da gadon baya da damatsa, kuma suna sassauta gaɓɓai. Abin da nake ƙi shi ne bayanin da aka jingina musu, cewa akwai wasu cibiyoyi bakwai masu juyawa a jikin ɗan Adam waɗanda idan aka hanzarta su tsufa zai koma baya. Ilimin likitanci bai san da su ba.

Abin da aka tabbatar ya isa ya zaburar da mu ba tare da tatsuniya ba. Daga shekara 30, naman jikin mutum yana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan 60. Motsa jiki na rage wannan asara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba da shawarar manya su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, waɗanda suka kai 65 kuma su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku domin kauce wa faɗuwa.

Faɗuwar nan ce ta fi tayar mini da hankali. A ce dattijo mai shekara saba'in, mai hawan jini, yana shan maganin da kan sa jiri idan an miƙe da sauri, ya tsaya a tsakar gida a kan siminti yana juyi sau 21! Karayar ƙugu a irin wannan shekaru kan kwantar da mutum watanni, wani ma ba ya sake tashi. Mai ciwon wuya ko na baya bai dace ya riƙa wurga kai baya ba, mai hawan jinin ido kuma sunkuyar da kai ƙasa na iya ƙara masa matsala. Mafi muni, na san wani bawan Allah a unguwarmu da ya ajiye ƙwayoyinsa na hawan jini saboda an gaya masa atisayen ya wadatar, sai da 'ya'yansa suka yi da gaske kafin ya koma kansu. Wanda ya tura masa bidiyon da kyakkyawar niyya ya yi, amma da abin ya ɓaci ba shi zai yi jinya ba.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu maza da mata: wanda ke sha'awar waɗannan motsi ya fara auna jininsa, ya nemi shawarar likita, ya yi su a kan tabarma ko darduma a hankali, kuma ya bar juyin nan idan yana jin jiri. Wanda bai iya ba, tafiyar rabin awa da sassafe, irin wadda ake yi a Filin Murtala, za ta amfane shi ƙwarai. Iyayenmu mata su ne suka fi rasa wurin da za su motsa jiki cikin sutura da natsuwa, kuma ya dace ƙungiyoyin unguwanni su duba wannan.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata, inda likitocin fisiyo, wato masu kula da lafiyar gaɓɓai da tsoka ta hanyar motsa jiki, za su riƙa bayyana wa masu karatu, da Hausa kuma da hotuna, irin atisayen da ya dace da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciwon gwiwa.

Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu,
Unguwar Sarki, Kaduna.