Amsa ga Yayana da Ya Tambayi Nawa Aka Saye Ni

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa.

Ban ji shirin kai tsaye ba, ina masallaci. Da na fito yara suka miƙo mini waya, sai ga muryarka a rediyo kana tambaya har sau biyu: wai in fito in gaya wa jama'a nawa aka ba ni na ajiye tsintsiyar APC. Ka ƙara da cewa waɗanda na koma wa a ADC su ne muka yi ta zagi a 2015, kuma mai kishi a cikin gida yake zama ya yi gyara. A bainar jama'a ka tambaya, don haka ban ga dalilin zuwa zaurenka in yi raɗa ba.

Maganar kuɗin ce ta hana ni barci. Da wani yaro ne cikin sojojin baka ya faɗa, da ko tari ba zan yi ba. Amma kai? Tare muka dangwala wa masarar ANPP a 2003, lokacin da bin Buhari ba ya jawo wa mutum komai sai hayaƙi mai sa hawaye. Tare muka koma alƙalamin CPC a 2011. Katin gudummawar kamfen da kuɗin shagona na saya. Ranar 28 ga Maris 2015 ni ne ejan a akwatinmu. Na'urar tantancewa ta yi ta gardama, muka ƙi tashi, aka ƙirga ƙuri'a da fitilar waya, muka bi akwati a ƙafa har inda ake tattarawa muna cewa a kasa, a tsare, a raka. Ko ruwan leda ba wanda ya saya mini. Ranar nan ba ka tambaye ni nawa aka ba ni ba.

To tunda kana son lissafi, ga abin da aka saye ni da shi. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, Baba Buhari, Allah ya jiƙansa, yana Daura, cikin jiha ɗaya. Na yi shiru, na ce jarrabawa ce. Shekara ta zagayo aka ɗauke ƙanena a gona. Ka san labarin, don na zo gidanka da takardar karo-karo, aka ce kana Abuja. Shanun huɗa biyu da babur muka sayar, sannan masu shi suka ce a haɗa da katin waya. Gonar tana nan, ciyawa ta kai kafaɗa, ba mai taka ta sai ya biya haraji ga wanda ba hukuma ba. Da aka zo canjin kuɗi a farkon 2023, na ga dattijo da kuɗinsa a asusu yana roƙon mai shayi bashi. Fetur da muka taras a naira 87 ya koma 145 a 2016, muka ce gyara ne sai da zafi. Aka cire tallafi ranar rantsuwa a 2023, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura dubu. Yaran da aka kama a zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024 kuwa, ka gan su kamar yadda na gan su, suna zubewa a kotu a Abuja, ƙasusuwa a waje, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. A daren nan na ciro katina na jam'iyya daga aljihu.

Batun cewa ADC cike take da tsofaffin fuskoki, ban musa ba, kuma ban ce na koma cikin waliyyai ba. Sai dai ka tuna gwamnoni biyar da suka bar lemar PDP suka shigo mana a Nuwamban 2013, har da na Kano da na Sakkwato: kai ka ɗauki hayar makaɗa. A 2025 gwamnan Delta ya shigo muku tare da Okowa, wanda ya yi wa Atiku mataimaki a takarar 2023, aka shimfiɗa musu darduma. In gwamna ya sauya sheƙa hangen nesa ne, in mai shagon kayan masarufi ya sauya an saye shi. Gyara daga ciki kuma, shekara goma ina ciki. Yaushe rabon da a kira taron mazaɓarmu in ba zaɓe ya matso ba? Sunayen shugabanni ma daga sama ake aiko su a takarda, a ce maslaha.

Abin da ya fi ci mini rai, mu da muka sha rana mun zama abin zargi, waɗanda suka shigo bayan an dafa su ke rabon tuwo. Ban ce kujerar mai ba da shawara da aka ba ka ce ta buɗe maka baki ba, Allah ya sani. Na dai lura kafin ta zo, a shagona kake zama kana faɗin abin da ya fi wannan zafi, har ina ce maka ka rage murya.

Gidana ka san shi, ba a ƙara masa ko bulo ɗaya ba, ka turo a duba. Ka gaida Hajiya da yara. Dubu ashirin ɗin nan ta fastocin 2019 tana nan a littafin bashi da sunanka, ban soke ba.

Ƙaninka.